Mataccen Inji Ma Malami Ne

A ƙasar Bici yau da wuya a sami ƙauyen da ba a jin ƙugin inji. Da sassafe babur ne ke kai manomi gona, ko ya kai ɗan kasuwa Badume. Da hantsi injin ban-ruwa ne ke zuƙo ruwa a fadamu da kuma lambunan da ke kewayen madatsar Watari ta maƙwabciyarmu Bagwai. Da dare kuwa ƙaramin janareta ne ke haskaka teburin mai shayi da shagon mai cajin waya. Waɗannan injuna uku, ko da yake aikinsu ya bambanta, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: fetur suke sha, fistin ne ke kai da komowa a cikinsu, kuma iska ce ke sanyaya su.

Abin mamaki shi ne, ɗalibin da ya zo makaranta a kan babur, wanda watakila shi ne ke tayar wa mahaifinsa injin ban-ruwa ran Asabar, sai ya shiga aji a rubuta masa hanyoyin da zafi ke bi wajen yaɗuwa, ya haddace su tsaf, ya zuba su a takardar jarrabawa, amma bai taɓa tunanin cewa bayanin injin da ya baro a ƙofar makaranta ake yi masa ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata kowace makarantar sakandare a yankinmu ta nemi mataccen inji irin wannan, ta ajiye shi a ɗakin gwaje-gwaje, ta bar yara su kwance shi su ɗaura da hannunsu. Domin in kafa hujja, zan fara da labarin wani tsohon injin jirgin sama na ƙasar Sifaniya, wanda ɗan'uwan injin babur ne na jini.

Damisar Basalona

Daga shekarar 1936 zuwa 1939 Sifaniya ta yi yaƙin basasa wanda ya durƙusar da ita. Tana fita daga wannan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, bayan ya ƙare kuma ƙasashen da suka yi nasara suka juya wa gwamnatin Janar Franco baya, har ba a sa ta cikin tallafin da Amurka ta ba ƙasashen Turai don sake gina kansu ba. A lokacin Sifaniya tana horar da matuƙa jiragenta da wani ƙaramin jirgi mai fukafukai biyu, sama da ƙasa, ƙirar kamfanin Bücker na Jamus, wanda kamfanin CASA ke ƙerawa a gida bisa yarjejeniya. Gangar jikin jirgin ba ta gagare su ba. Injin ne matsala, domin daga Jamus yake zuwa, ga shi kuwa Jamus ta shiga halin da ba ta iya taimakon kowa.

A birnin Basalona akwai wani kamfani mai suna Elizalde, wanda ya fara da ƙera motoci kafin ya koma ƙera injunan jirage. Wannan kamfani ne ya fito da wani inji a shekarun 1940 ya sa masa suna Tigre, watau damisa. Silinda huɗu gare shi a jere, cikinsu duka ya ɗan haura lita 6, kuma iri biyu aka fi sani, mai ƙarfin doki 125 da mai ƙarfin doki 150. An kifa shi ne, kawunan silinda suna kallon ƙasa, don farfela ta yi nesa da ƙasa, matuƙi kuma ya riƙa ganin gabansa sosai. Ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa ko ɗigo. Iskar da farfela ke turowa ce ke shiga ta wata kafa a hancin jirgin, ta bi ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfe da aka yi wa kowace silinda, ta kwashe zafi ta fice.

Tigre bai zama injin da ya fi kowane a duniya ba, ba a kuma yi shi don haka ba. Amma ɗaruruwan jirage sun tashi da shi, samari masu yawa sun koyi tuƙi a bayansa, kuma har yanzu akwai masu sha'awar tsofaffin jirage a Turai da ke tashi da shi. A 1951 gwamnati ta karɓi kamfanin ta mai da shi ENMASA, daga baya ya narke cikin CASA, ita kuma CASA ta shiga cikin gamayyar kamfanonin da suka zama Airbus. Yau a birnin Sebiya na Sifaniya ake harhaɗa babban jirgin dakon sojoji na A400M. Ba na cewa ƙaramin injin nan shi kaɗai ya kai su can. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ta koya wa matasanta narka ƙarfe, da auna silinda, da gano dalilin da ya sa bawul ya ƙone, ta tara jarin da ba ya ƙarewa. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Me ya sa iska?

Kowane inji mai fistin yana fama da abokin gaba guda, shi ne zafin da shi kansa yake haifarwa. Yawancin injunan da muke gani suna bin tsarin bugu huɗu wanda Nikolaus Otto na Jamus ya daidaita a 1876: fistin ya sauka ya zuƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su fashe su tunkuɗa fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A lokacin fashewar nan zafin da ke cikin silinda yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali kuwa alminiyam ɗin da ake yin fistin da shi yana narkewa ne a digiri 660. Bugu da ƙari, daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke zama aiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Sauran duk zafi ne, kuma dole a san yadda za a yi da shi, in ba haka ba inji ya buga.

Hanya biyu ce. Ko dai a zagaya da ruwa cikin jikin inji ya kai zafin lagireto, kamar yadda yawancin motoci ke yi, ko kuwa a bar iska ta ɗauke shi kai tsaye. Jiragen da suka fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman, guda uku ne na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma injinsu mai ruwa ne. Irin waɗannan jirage har ƙarin lagireto ake ɗaura musu idan za su yi aiki a ƙasashe masu zafi. Amma ruwa nauyi ne, ga bututai, ga famfo, kuma ƙaramar ɓula guda ta isa ta tsiyayar da shi jirgi yana sama. Shi ya sa da Charles Lindbergh zai ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, daga Niyok zuwa Faris, ya dogara ga inji mai shan iska, wanda ya yi sa'a 33 da rabi yana aiki bai tsaya ba. Abin da babu shi a jikin inji ba zai lalace ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa manomin fadama yake iya saɓa injinsa a bayan babur ya kai shi lambu, kuma bakaniken ƙauye yake iya gyara shi a gindin bishiya.

Inji da halitta

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da baƙin mai? Amsar tana jikin haƙarƙarin nan na silinda. Ɗauki ɗan dunƙulen sabulu wanda tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk santimita 1 ne. Fuskoki 6 gare shi, saboda haka faɗin bayansa murabba'in santimita 6 ne. Yanzu ninka kowane gefe ya zama santimita 2. Jikinsa ya ninku sau 8, amma bayansa sau 4 kawai ya ninku, ya zama 24. Ma'ana, gwargwadon girman abu, gwargwadon yadda bayansa ke kasa wa cikinsa. Zafi kuwa a ciki ake haifar da shi, ta baya yake fita. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da allo ba: malmalar tuwo takan daɗe da zafinta, amma idan aka gutsuttsura wa yaro ita a faranti, nan da nan ta huce.

Maƙerin inji ba shi da ikon gutsuttsura silinda, sai ya yi dabarar ƙara mata faɗin baya, ya fitar mata da haƙarƙari sirara masu yawa. Wannan dabara kuwa Mahalicci ya riga ya shimfiɗa ta a jikin dabbobi. Giwar da ke dajin Yankari jiki gare ta mai yawa, fata kaɗan idan aka gwada da girmanta, sai aka ba ta kunnuwa kamar faifai, cike da jijiyoyin jini. Idan ta kaɗa su, aikin farfela take yi wa kanta. Yanyawa da ke zaune a yashi mai zafi ita ma kunnuwanta sun fi ƙarfin kanta. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ya zaro harshe yana haki don iska ta bi ta kan danshi. Mu kuwa hanya biyun muka haɗa: jini yana kwaso zafi daga ciki zuwa fata kamar ruwan lagireto, gumi kuma ya bushe ya tafi da shi.

Haka zancen yake idan abu za a shigar maimakon a fitar. Huhun ɗan Adam yana ɗauke da 'yan jakunkunan iska sama da miliyan 300, waɗanda in da za a shimfiɗa su za su rufe murabba'in mita 50 ko fiye, duk don iskar oksijin ta sami ƙofofin shiga jini. Matsarmamar kifi da cikin ƙaramin hanji duk a kan wannan ƙa'ida aka gina su. Har ila yau, abin da inji ke yi da fetur shi jiki ke yi da tuwo: a haɗa makamashi da oksijin, a sami ƙarfi da zafi da ruwa da iskar kabon. Bambancin kawai shi ne, inji a fashe yake ƙona nasa, jiki kuwa sannu a hankali, mataki bayan mataki, a kan digiri 37.

Akwai kuma darasin da ya shafi rai. Idan iska ba ta ishi inji ba, yakan fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini yana kama wannan guba fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu. Shi ya sa iyali kan kwanta da janareta a cikin ɗaki ko a soro rufe, a wayi gari babu mai motsi. Ɗalibin da ya fahimci wannan da inji a gabansa ba zai bari a kwana da janareta a rufaffen wuri a gidansu ba. Ashe ke nan da inji guda an koyar da Fiziks, an koyar da Kemistiri, an koyar da Bayoloji, an kuma koyar da kiwon lafiya.

Namu ƙoƙarin

Kada a ɗauka ba mu taɓa gwadawa ba. A Kaduna, kamfanin AIEP ya fito da ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, aka kuma yi wa sojan saman Nijeriya guda 60. Abin alfahari ne, kuma matuƙa da yawa sun koyi tashi da shi. Sai dai ƙirarsa daga wani jirgin Amurka aka ɗauko ta, injinsa kuma, Lycoming mai shan iska mai ƙarfin doki 180, daga can yake zuwa a ɗaure. Da jiragen suka tsufa, sai aka koma sayen Super Mushshak daga Pakistan tun daga 2016. Mutanen Sifaniya sun ari jiki suka ƙera zuciya. Mu kuwa mun harhaɗa jiki, zuciyar ta ci gaba da zuwa daga waje.

A fannin makarantu ma an yi yunƙuri. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu shaida ne cewa yaranmu ba su da ƙarancin basira. Da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙananan azuzuwan sakandare, aka sayo injuna masu tsada daga ƙasashen waje. Da yawa daga cikinsu a akwatunansu suka yi tsatsa, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Kuskuren da aka yi shi ne, an fara daga abin da babu, aka tsallake abin da ke akwai.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce zamanin fetur ya kusa wucewa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 manoman rani da dama suka fara komawa ga famfo mai aiki da hasken rana, to me za a yi da tsohon inji? Gaskiya ne, kuma abin maraba ne. Amma duk wanda ya juya bayan na'urar da ke sarrafa wutar sola zai tarar da haƙarƙarin nan na alminiyam suna nan. Suna cikin kwamfuta, suna jikin taransifoma, suna jikin famfon lantarkin kansa. Faifan sola ma ƙarfinsa raguwa yake yi idan ya yi zafi da yawa, abin da ya shafe mu ƙwarai a watan Afrilu lokacin da zafi kan kai digiri 40. Fetur na iya tafiya, amma matsalar zafi tana nan daram.

Wani kuma zai ce manhaja ta cika, ga jarrabawar WAEC da NECO a gaba, ina lokacin wasa da sifana? Ai ba sabon darasi nake kira a ƙara ba. Yaɗuwar zafi, da faɗaɗar ƙarfe idan ya ɗumama, da ƙonewar makamashi, da numfashi, duk suna cikin manhaja tun tuni. Abin da nake nema shi ne a koyar da su da abin da hannu zai taɓa, domin gani ya kori ji, kuma abin da yaro ya gane ba ya bukatar haddarsa.

Ja na uku ya fi nauyi. Za a ce Sifaniya tana da masana'antu tun kafin yaƙi, kwance mataccen inji a aji kuwa ba zai haifar da masana'antar ƙarfe ba. Na yarda. Ba na kuma yi mana fatan irin wariya da yunwar da mutanen Sifaniya suka sha a shekarun 1940. Masana'anta tana bukatar wuta, da jari, da gwamnati mai tsayawa kan magana guda. Waɗannan ba su hannun malamin sakandare. Amma ko an samar da su duka, ba za su yi amfani ba idan babu mutanen da suka taso suna tambayar abin da ke cikin inji. Wannan ɓangaren kuwa a hannunmu yake, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da za a iya yi a zangon karatu mai zuwa

Da farko, shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai su nemi mataccen injin babur ko na ban-ruwa. Kusan kowane gareji yana da irinsa a yashe, kuma kuɗinsa bai wuce na ƙarfen da 'yan gwangwan za su auna ba. A tsiyaye fetur da baƙin mai sarai, a wanke shi, a ɗaure shi a kan benci mai ƙarfi.

Na biyu, a gayyato bakanike ko da sau ɗaya ne a zango, a ba shi kujera, a kira shi Malam, a kuma biya shi ladan lokacinsa. Shi ya san cewa injin da ƙurar hunturu da baƙin mai suka toshe wa haƙarƙari zai yi zafi, ya san injin ban-ruwan da aka cire wa murfin fanka ba zai daɗe ba. Malamin kimiyya kuma ya san dalili. Idan suka tsaya tare a gaban allo, yara za su ga cewa ilmin littafi da ilmin hannu ba kishiyoyi ba ne, su kuma daina raina mai baƙin mai a riga.

Na uku, a yi gwaji mai sauƙi. A sami gwangwanin madara biyu iri ɗaya, a kai wa maƙerin fari ya liƙa wa ɗaya ɓallayen ƙarfe a kewaye. A zuba ruwan zafi daidai wa daida, a rufe bakinsu, a riƙa auna zafin kowane bayan minti biyu-biyu, a rubuta. Sa'an nan a sake, amma wannan karon ana fifita su da mafici. Kada malami ya faɗi amsa. A bar ɗalibai su zana jadawalin su gano da kansu, su kuma yi gardama idan sakamakon wani rukuni ya saɓa da na wani. 'Yan mata su riƙe sifana da ma'aunin zafi kamar yadda maza za su riƙe, domin su ma da janareta da injin markaɗe suke rayuwa.

Na huɗu, ɗalibai su tattara sunayen da makanikai ke kiran sassan inji da su, irin su filogi, da bawul, da kafireto, da lagireto, su rubuta bayanin aikin kowane da Hausa. Kwalejin Horon Malaman Fasaha ta Tarayya da ke nan Bici ita ta fi dacewa ta jagoranci wannan aiki, tun da ɗalibanta ne ke zuwa koyon koyarwa a makarantun yankin. Masana harshe na Jami'ar Bayero, waɗanda suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, za su iya taimakawa wajen daidaita kalmomin.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa nan da shekara goma za a ƙera injin jirgin sama a Bici. Amma ina da yaƙinin cewa ajin da ya kwance inji ya ɗaura zai fitar da manomin da injinsa ba ya bugawa a tsakiyar rani, da ma'aikaciyar jinya da ta san alamun wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, da malamin da ba ya tsoron tambayar ɗalibi. Wataƙila kuma a cikin ɗari a sami guda wanda zai dubi fistin a tafin hannunsa ya ce, me zai hana mu zuba irin wannan a nan? Malamai, injin yana yashe a garejin da ke bakin titi, kuma mai shi ba zai ƙi sayarwa ba. Allah ya ba mu ikon farawa.